Wa Ke Feɗe Mana Littafi Yanzu?

Malaman jami'a da suka fara koyar da adabin Hausa sun sha wahalar neman sunan da za su ba aikin mutumin da ke zama ya karanta littafi ko ya saurari waƙa, sannan ya fito ya gaya wa jama'a inda aka yi kyau da inda aka kwafsa, tare da dalilinsa. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya ari kalmar mahauta, ya kira shi feɗe waƙa. Wasu suka ce tarke, mai yin sa kuma matarki. A jarida da rediyo sharhi ake cewa. Shi kuwa marubucin da aka taɓa littafinsa, yawanci suna ɗaya ya sani ga wannan aiki: hassada.

Yawan sunayen nan kaɗai ya isa ya nuna cewa kujerar matarki ba ta taɓa zama daram a ƙasar Hausa ba. Yanzu da kowa ke riƙe da waya, kowa ke iya yanke wa fim hukunci tun kafin ya gama kallo, ana ta cewa zamanin matarki ya wuce. Kafin in yarda ko in musa, ina so mu waiwaya mu ga yaushe ma ya taɓa cin zamaninsa. Abin da na gani shi ne, tsawon lokacin da matarkin Hausa ya yi yana magana da jama'a a fili, suna jin sa suna mayar masa da martani, bai fi shekara goma da 'yan kai ba. Kuma duk sanda ya tashi daga kujerar, ba a barin ta haka nan. Wani ne ke hayewa, wanda sau da yawa ba karatun ne ya dame shi ba.

Kafin zuwan boko, mutum biyu ne ke yanke wa fasaha hukunci. Na farko malamin zaure. Almajiri ya rubuta waƙa da ajami ya kai masa, malam ya duba ko karinta ya karye, ko amsa-amo ya kauce, amma abin da ya fi sa wa ido shi ne kada a faɗi abin da ya saɓa wa addini. In waƙa ta burge wani malami sai ya yi mata tahamisi, ya ƙara ɗango uku a kan kowane baiti, wannan kuwa shi ne yabo mafi girma a wancan fage. Na biyu shi ne ubangida. Makaɗin fada, har zuwa zamanin Narambaɗa da Ɗanƙwairo, yana gane darajar waƙarsa ne daga doki da rigar da aka jefa masa. Ke nan alƙalai biyu muka gada: mai tambayar halas ne ko haram, da mai biya don a wasa shi. Mai karatu ya riƙe su a zuciya, domin za mu sake cin karo da su a Facebook.

Ƙagaggen labari na boko kuwa a hannun mutum ɗaya aka haife shi. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zagaya biranen Arewa yana roƙon malamai su rubuta labaran da suka ƙaga da kansu. Daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da shi East ɗin. A duba matsayin wannan Bature: shi ya sa gasa, shi ya yi alƙalanci, shi ya gyara rubutun, ofishinsa ya kai shi ga bugu. Da ya tashi yin sharhin abin da aka samu, a 1936, sai ya rubuta shi da Turanci a mujallar Africa ta Landan, don Turawa 'yan uwansa. Bahaushen da ya sayi Ganɗoki bai ma san an yi ba. Wannan ɗabi'a ta a yi rubutu da Hausa a yi tarkensa da Turanci ta fi East tsawon rai, har gobe tana nan.

Tsarin da ya kafa ya daɗe. Kamfanin Gaskiya, da NORLA a shekarun 1950, da kamfanin NNPC na Zariya daga 1966, duk ƙofa ɗaya ce ake sauya mata mai gadi. Littafin da ya shiga ta wannan ƙofa zai tafi makarantu a karanta shi don jarrabawa, wanda bai shiga ba kuwa ya ruɓe a akwati. A irin wannan hali ba a buƙatar mai sharhi a bainar jama'a, tunda an gama tankaɗe da rairaya tun a ofis. Da jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato suka buɗe sassan Hausa, an sami ƙwararrun masu nazari na gaske, aka yi kundaye a kan waƙoƙin Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu, Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Hausa a Rubuce a 1988. Aiki ne mai nauyi, amma da ɗalibai yake magana. Inda talaka ya ɗan ji ƙamshin tarke shi ne ƙungiyoyin mawaƙa irin su Hikima ta Mudi Sipikin a Kano, inda ake karanta waƙa a gaban 'yan uwa a gyara wa juna, a kuma kai ta gidan rediyo.

Sai ƙofar ta karye. Abu biyu suka haɗu. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976, da azuzuwan yaƙi da jahilci da gwamnatin Abubakar Rimi ta buɗe a Kano daga 1980, sun samar da ɗimbin masu iya karatun Hausa, mata da yawa a cikinsu, waɗanda ba jarrabawa ce a gabansu ba. A gefe guda kuma tsarin tsuke bakin aljihu na SAP da Babangida ya kawo a 1986 ya sa takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka janye hannu daga ƙagaggun labarai. Matasa suka daina jiran Zariya. Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina a tsakiyar shekarun 1980, Balaraba Ramat Yakubu ta biyo da Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne, Ado Ahmad Gidan Dabino ya girgiza gari da In Da So Da Ƙauna. Mutum ya tara kuɗinsa, ya kai wa mai injin bugu, ya raba wa masu shaguna, a karanta a rediyo, a ba da haya a unguwa. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama suka zama su ne kamfani, su ne edita. Karo na farko a tarihin boko, littafin Hausa ya isa hannun mai karatu ba tare da wani malami ya sa masa albarka ba.

A nan ne aka haifi matarkin Hausa na bainar jama'a, kuma da faɗa aka haife shi. A farkon shekarun 1990 jaridar Nasiha ta Kaduna, inda Ibrahim Sheme ke riƙe da shafin adabi, ta buɗe fili. Ibrahim Malumfashi, malamin Hausa a jami'ar Sakkwato a lokacin, ya shigo da kaifin alƙalami yana cewa akalar rubutun nan na buƙatar sauyi. A 1994 ya raɗa wa littattafan sunan da ya bi su har yau: Adabin Kasuwar Kano. Sunan ba yabo ba ne. Ya kwatanta su ne da ƙananan littattafan kasuwar Onica waɗanda suka yi tashe kafin yaƙin basasa sannan suka ɓace, yana nufin wannan ma yayi ne, zai wuce. Ƙorafinsa a fili yake: jigo ɗaya ake ta juyawa, na soyayya da auren dole, ana kwaso zubi daga finafinan Indiya, ba a bin ƙa'idojin rubutu, babu editan da ya duba.

Marubutan ba su yi shiru ba, suka mayar da martani a shafin da aka soke su. Zuwa 1998 da 1999 rigimar ta koma jaridar New Nigerian ta ƙarshen mako, nan ma a shafin Sheme, sai dai yanzu da Turanci. Abin da ke ba ni sha'awa shi ne waɗanda suka tsaya wa littattafan ba daga sashen Hausa suka fito ba. Abdalla Uba Adamu farfesan koyar da kimiyya ne a Jami'ar Bayero, Yusuf Adamu kuma masanin labarin ƙasa. Hujjarsu ita ce, waɗannan littattafai sun sa dubban mata da matasa karatu, suna faɗin abin da ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya, kishiya da saki da hana yarinya makaranta, kuma aro ba sabon abu ba ne a adabin Hausa. A wannan gaɓa ta ƙarshe tarihi na bayansu. Imam da kansa ya faɗa cewa daga Maƙamat na Hariri ya ɗauko dabarar mutum biyu masu yi wa juna wayo a Ruwan Bagaja, kuma sananne ne East ya jibge masa littattafan Larabawa da na Turawa sa'ad da yake rubuta Magana Jari Ce. Wani abin dariya, Malumfashi ne daga baya ya fi kowa bin diddigin inda Imam ya yi aro, a littafinsa Adabin Abubakar Imam.

In aka tambaye ni wa ya yi nasara, sai in ce kowa ya kama rabin gaskiya ya ƙi sakin ta. Malumfashi ya yi daidai a kan ingancin mafi yawan littattafan, duk wanda ya karanta ashirin a jere ya san haka. Amma da ya yi hasashen mutuwarsu, takarda ce kawai ta mutu, labarin ya sauya gida. Masu kare su kuma sun yi daidai a kan masu karatu, sai dai kariyar tasu ta fi kama da ta masanin zamantakewa: suna bayyana dalilin da ya sa ake karanta littattafan, ba su cika cewa wannan ya fi wancan ba. Tsakanin mai cewa duk a zubar da mai cewa duk a rungume, aikin da ya fi wuya ya sha ruwa, wato a zauna a ware tsaki da tsakuwa, a nuna wa mai karatu abin da ya sa Alhaki Kuykuyo Ne ya bambanta da ɗaruruwan da suka kwaikwaye shi. Sai a 2012 wani ƙaramin kamfani a birnin Chennai na Indiya ya buga fassarar Turanci ta littafin, wadda Aliyu Kamal ya yi, sannan wasunmu suka fara kallon Balaraba da idon da ya dace.

Duk da haka, ban san wani lokaci da ya fi wannan albarka ga tarken Hausa ba in ana maganar amfanin jama'a. An yi zafi, an yi gugar zana, wasu sun daina gaisawa na ɗan lokaci. Amma kowa ya sa sunansa a ƙarƙashin maganarsa, kowa ya kawo hujja daga cikin littafi, kuma akwai edita a tsakiya da ke ba kowane ɓangare fili. Marubuci ya san akwai mai karanta shi da jan biro. Ɗalibi a Katsina ko Gusau yana sayen jarida don ya ga amsar da za a ba Malumfashi a wannan mako. Rigimar ce ta ba littattafan suna da tarihi, ita ta jawo hankalin masu bincike na waje irin su Brian Larkin da Novian Whitsitt, ko da yake su ma, kamar East, da Turanci suka rubuta.

Fim ya zo ya kwashe marubuta da masu karatu tare. Daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, cikin shekara goma harkar ta zama masana'anta. Mujallar Tauraruwa ce ta raɗa mata suna Kannywood a 1999, shekarar da Sheme ya kafa mujallar Fim. A 2001 Abdalla Uba Adamu ya buɗe zauren Finafinan Hausa a Yahoo, wanda ya haɗa malaman jami'a da masu shirya fim da 'yan kallo daga ƙasashe daban-daban, kuma irin wannan tattaunawa ce ta kai ga babban taron nazarin finafinan Hausa da aka yi a Kano a 2003. A wancan lokaci intanet ta yi kama da abokiyar matarki. Masu shiga ba su da yawa, sai mai haƙurin zama a shagon kwamfuta, kuma ana rubuta dogon bayani a karanta shi har ƙarshe.

Amma a shekarar 2001 ɗin nan aka kafa wata kujera da ta fi ta matarki tsawo. Bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, gwamnati ta dakatar da harkar fim, sannan ta kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i. Ga mutumin kan titi, tace da tarke duk abu ɗaya ne: wani ne ke duba aikinka ya ce bai yi ba. Bambancin shi ne matarki hujja yake da ita, mai tacewa kuma kotun tafi-da-gidanka. A 2007, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, hukumar A Daidaita Sahu ta tara littattafan soyayya aka cinna musu wuta a bainar jama'a. A shekarar ce kuma wani bidiyon sirri na wata 'yar fim ya bazu daga waya zuwa waya, gari ya ɗauki zafi, aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar tacewa. Aka ɗaure Adam A. Zango a 2007, aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a ƙarshen 2008, aka nemi marubuta su yi rajista ɗaya bayan ɗaya, har reshen Kano na ƙungiyar marubuta ta ANA ya tashi tsaye ya ƙi.

Ba na ɗora wa wani matarki alhakin wutar nan. Babu malamin adabin da ya ce a ƙona littafi. Abin da nake nunawa shi ne, daga cikin duk ƙorafe-ƙorafen shekarun 1990, na zubi da salo da harshe duk sun tsaya a shafin jarida, guda ɗaya ne ya yi ƙafa ya shiga gidan gwamnati, wato ɓata tarbiyya. Malamin zaure ya dawo, amma wannan karon ba ya duba karin waƙa. Kuma a lura, wayar hannu ce ta kunna rikicin 2007. Tun daga ranar farko, sabuwar fasahar ta nuna ta fi iya yaɗa fushi fiye da yaɗa hujja. An sake ganin haka a 2016, sa'ad da gwamnatin tarayya ta yi niyyar gina dandalin shirya finafinai a Kofa ta jihar Kano. Cikin 'yan kwanaki, tsakanin mumbari da Facebook, aka rushe maganar. Ko shirin na da kyau ko ba shi da shi, wannan muhawara ce mai zaman kanta, amma waɗanda suka shafe shekaru suna nazarin masana'antar muryarsu ba ta fi ta kowane mai waya ba.

Yau mafi yawan sababbin labaran Hausa a WhatsApp da Wattpad da makamantansu ake fitar da su, shafi-shafi, a biya 'yan ɗaruruwan naira a shiga rukunin masu karatu. A can kalmar sharhi ta sami sabuwar ma'ana. Marubuciya za ta ce in ba ta ga sharhi ba za ta daina turowa, abin da take nufi kuwa shi ne a yi ta zuba mata Allah ya ƙara basira, a tsine wa kishiyar da ke cikin labarin, a roƙe ta kada ta kashe jarumi. Masu karatu na juya akalar labari tun yana kan saƙa. Akwai daɗi a wannan, kusanci ne da Imam bai taɓa samu da masu karatunsa ba. Sai dai wanda ya ce babi na talatin maimaicin na goma ne, fitar da shi za a yi daga rukuni. A ɓangaren fim, tun da Arewa24 ta fara a 2014 kuma masu dogon zango suka koma YouTube, shafuka sun yi yawa da ke kiran kansu masu sharhi, alhali talla suke yi, wasu a biya su, wasu don jarumi ya ɗauki hoto da su. Ga ubangida da maroƙinsa sun dawo. Akwai masu ƙoƙari, irin Muhsin Ibrahim da ya daɗe yana bitar finafinan Kannywood ɗaya bayan ɗaya, da Carmen McCain da ta riƙe shafi a Weekly Trust, amma mafi yawan aikinsu da Turanci ne, mai kallon kuwa Bahaushe ne.

Girman wannan giɓi bai bayyana mini sosai ba sai a wajen ƙasar Hausa. Na yi zama a Tamanrasset ta kudancin Aljeriya, fiye da kilomita 1,000 arewa da Kano, a unguwar Gataa El Oued inda baƙi daga Nijar da Mali da sauran ƙasashen kudu suka yi yawa. Hanyar Agadas da Arlit da Assamaka ce ke kawo mutanen Damagaram da Maraɗi da Tawa, teloli da leburorin gini da masu shayi, Hausa kuma ita ce harshen da ke haɗa da yawa daga cikinsu. Adabin Kano yana nan da ransa a can, amma ba a takarda ba. A katin waya yake zuwa, ko a tura daga waya zuwa waya: finafinai masu dogon zango, da littattafan da wani ya karanta da murya ya ɗora a YouTube. Da yawa daga masu sauraren ba su yi lakwal ba, wasu kuma da Faransanci suka yi, saboda haka kunne ne ke karanta musu. Wani tela da ke aiki waya na magana a gefen kekensa ya taɓa tambaya ta, "Malam, wannan da aka ce kashi tamanin ne, ya kai in ƙona kuɗina a kansa, ko shi ma irin na jiya ne?" Wannan ita ce tambayar da aka ƙirƙiri aikin tarke don amsawa, mutum mai ƙarancin kuɗi da lokaci yana neman wanda ya riga shi karantawa ya gaya masa gaskiya. Labarin ya ƙetare Sahara ya same shi. Wa'azin da ke haramta labarin shi ma ya ƙetare, a kati ɗaya ma suke zaune. Kundin digiri na uku da aka rubuta a kan irin wannan labari yana kan kanta a ɗakin karatu na jami'a.

A Amurka da Turai ma ana kuka, amma kukansu daban ne. A can matarki ma'aikacin jarida ne mai albashi, da talla ta koma intanet sai aka fara rufe shafukansa, kamar yadda Washington Post ta daina buga mujallarta ta bitar littattafai a matsayin sashe mai zaman kansa a 2009. A Masar, Ɗaha Husaini ya fitar da littafi a kan waƙoƙin Jahiliyya a 1926 har aka kai ƙararsa gaban mai gabatar da ƙara, alamar cewa maganar matarki na da nauyin da ke girgiza ƙasa. Mu namu bai taɓa cin albashin tarke ba. Malumfashi da Abdalla malaman jami'a ne da suka ba da lokacinsu, Sheme edita ne da ya ga dama ya buɗe shafi. Don haka ba daidai ba ne a ce intanet ta ƙwace wa matarkin Hausa abinci. Abin da ya rasa shi ne dandali guda da kowa ke kallo, da editan da ke tsaye a tsakiya. Abin da ya janye shi kuma tsarin ƙarin girma ne na jami'a, wanda ke ƙirga maƙalar da aka buga a mujallar ilimi mai kwafi kaɗan, ba ya ƙirga bitar da mutum dubu hamsin za su saurara a waya. Malamin da ya san haka, me zai kai shi inda yaro ɗan shekara sha bakwai zai zage shi har iyaye?

Ko gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara wa mata a 2016, wadda ta fito da marubuta masu kyau kuma Malumfashi kansa ya yi alƙalanci a cikinta, in ka dube ta da kyau siffar 1933 ce ta dawo: hukuma mai tushe a Landan ta sa gasa, ƙwararru su zauna a ɗaki su zaɓa, a sanar da sakamako. Alƙalanci ne, kuma yana da amfani, amma jama'a suna jin hukunci ne fiye da yadda suke jin muhawarar da ta haifar da shi.

Abin da ƙwararre ke da shi wanda taron jama'a ba shi da shi ba wai ɗanɗano mafi kyau ba ne. Matar da ta karanta littafi ɗari uku a waya ta san mai daɗi da mara daɗi, ba ta buƙatar farfesa ya gaya mata. Abin da yake da shi shi ne tuna baya. Shi ne zai iya cewa wannan labarin da ake ta yayi an rubuta shi a 1993 da wasu sunaye, ko wannan yarinyar da ba wanda ya sani ta yi abin da ba a taɓa yi ba a zuben Hausa. Tuna baya kuwa yana buƙatar ma'ajiya, kuma nan ne zamanin waya ya fi yi mana ɓarna a ɓoye. Rigimar Nasiha da New Nigerian tana nan a tsofaffin jaridu, mai haƙuri zai tono ta. Amma kamfanin Yahoo ya rufe zaurukansa baki ɗaya a Disambar 2020, tattaunawar shekaru ta tafi sai abin da wani ya kwafa ya adana. OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafansu, ta rufe a ƙarshen 2023.

A 2004 Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess sun fitar da jerin sunayen littattafan Adabin Kasuwar Kano, ɗaruruwa, kowanne da marubucinsa da abin da aka samu na shekara da wurin bugu. A birnin Kolon na Jamus aka buga shi, kuma lissafin ya fara daga 1987 ya tsaya a 2002. Littafin WhatsApp ba shi da shekarar bugu, ba shi da bango, sau da yawa sunan da ke kansa ma laƙabi ne, kuma ranar da mai rukuni ta sauya lamba ko wayarta ta faɗa ruwa, shafukan farko sun tafi.